PVC ko foliyesta: wace leda ce ta dace da rigar gorar zoɓo?

Mai Zoɓo ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai masana harkar leda, shawara nake nema kafin in zuba kuɗi. Zoɓo da kunun aya nake ɗurawa a gorar roba mai rabin lita, irin ta PET, wato robar gorar ruwan sha, mai murfin milimita 28, kamar gora 600 a rana. Lebul ɗin takarda nake liƙawa, to da gora ta kwana a firij ko ta shiga kula da ƙanƙara sai takardar ta jiƙe ta saɓule. Ina so in koma irin ledar nan da ake zura wa gora kamar riga, a ba ta zafi ta lafe a jiki tun daga gindi har wuya.

Dillalai biyu sun ba ni samfur. Na farko ya ce tasa PVC ce, kuma ta fi araha. Na biyu ya ce tasa foliyesta ce, amma da na tambaye shi PET ce ko PETG sai ya ce ai duk ɗaya ne. Faɗin gorar a ciki, inda ta fi kauri, milimita 65 ne, wuyanta a ƙarƙashin zobe milimita 26, tsayin da nake so rigar ta rufe kuma milimita 180. Ba ni da injin tururi, na'urar hura iska mai zafi ta hannu kawai gare ni. Wacce zan ɗauka, kuma kauri nawa? Sannan ko ledar nan za ta yi mini ɗaurin gora sha biyu-sha biyu?

Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba ɗaya ba ne ko kusa, kuma wanda ya ce miki ɗaya ne kada ki ba shi ko sisi sai kin gwada kayansa da hannunki.

Foliyestar da ta fi yawa a kasuwa ita ce BOPET, siririyar nan mai kaurin maikiron 12 (maikiron dubu ne milimita guda) da ake mannawa a fakitin biskit da madara da garin sabulu. A masana'anta an ja ta tsaye da kwance, sannan aka gasa ta a zafin da ya haura digiri 200 don ta daskare a haka. Wannan ko a tafasasshen ruwa kika jefa ta ba za ta motsa ba. Wadda ke tsukewa ita ce PETG. Asalinta PET ce, amma an musanya wani kaso na gilaikol ɗinta, ɗaya daga cikin kayan haɗinta, da wani sinadari, galibi CHDM, wanda ke hana ƙwayoyinta jeruwa su ƙanƙare. Ana jan ta ta gefe guda kawai, ta faɗi, kusan ninki biyar, a sanyaya ta a miƙe. Da ta sake jin zafi, daga wajen digiri 65 zuwa 70, sai ta kama hanyar komawa inda ta fito. Shi ya sa take iya tsukewa da kashi 70 zuwa 78 cikin ɗari ta faɗi, ta tsayi kuwa ƴan kashi kaɗan ne.

Gorarki ce za ta zaɓar miki leda, ba farashi ba. Ga lissafin da awonki. Kewayen ciki: 65 sau 3.14, milimita 204. A ƙara milimita 4 don rigar ta zura ba tare da kokawa ba, 208 ke nan, wato faɗinta a kwance milimita 104. Kewayen wuya: 26 sau 3.14, kusan 82. Raba 82 da 208, ya ba ki 0.39. Ma'ana sai ledar ta zubar da kashi 61 na faɗinta kafin ta taɓa wuyan, taɓawa kawai, ba kamawa ba. Ba a sayen leda daidai wa daida da abin da ake buƙata. Ana barin rarar kamar kashi 10, don wadda ta ƙure ƙarfinta ba ta riƙe wuya, bakinta buɗewa yake kamar fure. Don haka mai kashi 70 zuwa sama kike nema.

PVC ɗin da aka yi ta hanyar hurawa, wadda ita ce mai arahar, tana tsayawa ne tsakanin kashi 45 da 55. Mai kyan, wadda aka shimfiɗa aka ja, takan kai 60 da ɗoriya kaɗan. Duk biyun ba su kai wuyan gorarki da rara ba. Da a kafaɗa za ki tsayar da rigar, inda faɗin yake milimita 40, kashi 40 kawai kike buƙata, PVC ta wadatar. Amma har wuya, PETG ce.

Kauri kuma, maikiron 45 ko 50. Masu manyan injina suna sauka 40 har ƙasa da haka don rage kuɗi, amma mai zurawa da hannu gara mai ɗan jiki, wadda za ta tsaya a miƙe ba ta langaɓe ba.

Gwajin da zai raba gardama bai fi minti goma ba. Yanki murabba'i milimita 100 da 100 daga kowane samfur, ki ja kibiya da alƙalamin maka ta nuna tsayin naɗin. Ɗora ruwa, ki sa ma'aunin zafi ya nuna 90, ki tsoma ledar a cikin matata ko rariyar ƙarfe daƙiƙa 10, ki tsamo ki jefa a ruwan sanyi, sannan ki auna da rula. Abin da ya ragu daga 100 shi ne kason tsukewarta. Kusan haka ake yi a ɗakin gwaji a ƙarƙashin ƙa'idar ASTM D2732. In da hali ki maimaita a 70 da 80, ki ga a ina kowacce take fara motsi.

Don gane ko wace iri ce: jefa guntu a ruwan sha, in ya taso sama to PE ce ko POF, ledojin naɗe kaya marasa nauyi, ba abin da kike nema ba. In ya nutse, narka gishiri a ruwa har ya ƙi narkewa, ki sake jefawa. OPS, wata ledar riga ta daban, za ta taso, don nauyinta ninki 1.05 ne na ruwa, PETG da PVC kuwa da suke 1.3 zuwa sama za su zauna a ƙasa. Tsakanin waɗannan biyun, ɗauki wayar tagulla ki gasa bakinta a wutar gas, ki dangwala a ledar, ki mayar cikin wuta. Koren harshen wuta na nufin akwai kulorin, PVC ce. A waje za a yi wannan, ba a ɗaki ba.

Ɗaurin gora sha biyu kuwa aikin wata leda ce daban, LDPE mai maikiron 60 zuwa 80, wadda ke son tanda mai zafin digiri 160 zuwa 200. PETG ta gefe guda take tsukewa, ga tsada, kuma da ta samu ƴar tsaga sai ta bi ta har ƙarshe. Ba za ta ɗauki kilo shida ba.

Mai Ɗab'i ya amsa:

Hajiya, abin da Injiniya ya faɗa haka yake. Bari in ƙara ta ɓangaren bugu da ɗinki, don nan ne kuɗi ya fi zurarewa.

Ledar a shimfiɗe ake buga ta, ta ciki, rubutun a juye, sannan a bi shi da farar tawada a baya. Haka ya sa ƙanƙara da gogayya a cikin kula ba sa taɓa zanen. Bayan bugu sai a naɗe ta kamar bututu a haɗe bakin biyu. Ba da gam ake haɗawa ba, sinadari ne mai narkar da fuskar ledar. Na PVC yawanci THF ne, na PETG kuma haɗin da ke da dayokzolen. Kowanne da nasa. Mai ɗinkin da ya saba da PVC in ya zuba wa PETG abin da ke cikin tankinsa ba tare da ya daidaita ba, ɗinkin zai yi kamar ya kama, sai a cikin zafi ya farke daga sama har ƙasa, don ƙarfin jan PETG ya fi na PVC nesa. Sinadaran nan suna kama wuta kuma shaƙarsu ba kyau, kada ki ce za ki ɗinka a gida. Ki sayi rigar ɗinkakkiya, yankakkiya ɗaiɗai. Kafin ki karɓi kaya ki zaro goma daga kwalaye daban-daban, ki zura yatsu ki ja da ƙarfi. Ledar ce ya kamata ta yage, ba ɗinkin ya buɗe ba. Kuma a bar layin ɗinkin fes babu tawada, don tawada na hana shi kamawa.

Zane shi ne abu na biyu. Inda ledar ta tsuke da kashi 60, duk abin da aka zana a wurin zai matse da kashi 60. Da'ira za ta koma ƙwai a tsaye, rubutu ya dunƙule. Ki nemi a ba ki riga mai layukan dara, gida-gida na milimita 5 ko 10, ki tsuke ta a gorarki, ki kai wa mai zane ya ga yadda kowane gida ya koma, ya faɗaɗa zanen kafaɗa daidai da haka. Sunan kaya, lambar NAFDAC, kayan haɗi da gurbin ranar lalacewa duk su zauna a ciki, inda gorar take miƙe. Lambar nan mai zane-zane ta kanti a kwantar da ita yadda layukanta za su zama kamar matakan tsani, don tsukewar ta rage musu tsawo kawai, ba tazarar da ke tsakaninsu ba. In aka tsayar da su, na'urar kanti na iya kasa karantawa. Tsayin rigar kuma kada ki auna da rula a tsaye. Ki bi jikin gorar da zare tun daga gindi, ki hau kafaɗa har wuya, ki auna zaren, ki ƙara milimita 3 zuwa 5.

Tunda zoɓo ne, haske na kashe masa launi a hankali. Bugu mai cika jiki da farar tawada mai kauri a baya, ko farar PETG gaba ɗaya, zai kare shi. In kina son mai saye ya ga jan zoɓon, ki bar siririyar taga a gefe guda, ya isa.

Farashi kuma kada ki kwatanta da kilo, ki kwatanta da riga. Kauri sau nauyin ledar shi ke ba da giram a murabba'in mita: 45 sau 1.3, giram 58.5. Rigarki a shimfiɗe milimita 214 ce har da ɗinki, tsayi 180, nauyinta kusan giram 2.25, wato riga 440 da ƴan kai a kilo guda. In wani ya kawo miki mai maikiron 60 a kilo mai rahusa, riga kusan 330 za ki samu, arahar ta tafi. Ga kuma kuɗin silinda ko farantin bugu na kowace kala, wanda sau ɗaya ake biya amma yana da nauyi. Kala huɗu da fari sun ishi gorar zoɓo.

Ajiya ma a kula. Ledar nan zafi take jira, ba ta san bambancin tanda da rufin kwano a watan Afrilu ba. Motar da ta ɗauko kaya daga Legas ta yini a rana, ko shagon da ke haura digiri 40 da azahar, sun isa su sa ta fara tsukewa a cikin kwali. Rigar da aka yanka 104 sai ki auna ki ga 102, ta ƙi shiga gora, kuma ba ta da gyara. Ki auna faɗin ranar da kaya suka iso, a gaban dillali. Ki ajiye a ɗakin da bai wuce digiri 30 ba, a kan katako, nesa da taga da janareto, kuma kada ki sayi abin da ya fi na wata shida. PETG ta fi PVC haƙuri a nan, OPS kuwa ita ce mafi rauni, shi ya sa ban ba ki shawararta ba duk da laushin tsukewarta. Da hunturu kuma ledar na tara lantarki a jikinta, rigunan su manne da juna su ja ƙura. A bar su a cikin jakarsu, a riƙa ciro na awa guda kawai.

Mai Zoɓo ta sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Malam Mai Ɗab'i. Na yi gwajin. A digiri 90, samfurin farko ya dawo 51 ta faɗi, 94 ta tsayi, kuma ya ba da koren harshe. Na biyu ya dawo 25 ta faɗi, 97 ta tsayi, babu kore. Ke nan ta biyun PETG ce. Amma da na zura ta a gorar da na ciro daga firij na hura mata iska, gefe guda ya yamutse kamar fatar tsohuwar jaka, bakin ƙasa ya ɗage ya yi baka, wuya ya karkace. Na gwada a gorar da babu komai ciki, ita kuma ta lotsa a kafaɗa. Ta PVC ɗin ta fi kwanciya lumui, sai dai ta bar wuya a buɗe. Laifin ledar ne ko nawa?

Injiniya ya amsa:

Ledar lafiyarta ƙalau, Hajiya, kashi 75 ta ba ki. Yadda ake ba ta zafin ne bai dace da halinta ba.

PVC a hankali take tsukewa, tana ba mai aiki lokaci ya zagaya gora. PETG kuwa tsakanin digiri 70 da 80 take yin yawancin tafiyarta, farat ɗaya, da ƙarfi. Na'urar hannu wuri guda take duka. Inda iskar ta fara sauka ya tsuke ya janyo sauran ledar gefensa, kafin ki juya gorar zane ya riga ya karkace. Ruwa da tururi su ne ke rungumar gora ta ko'ina lokaci guda, kuma ba sa wuce digiri 100, shi ya sa PETG ta fi kyau a cikinsu.

Gora mai sanyi kuma matsala biyu ce. Inda ledar ta taɓa jikinta, sanyin na shanye zafin, wurin ya ƙi tsukewa, inda bai taɓa ba ya tsuke, yamutsewar da kika gani ke nan. Ga raɓar da ke jikin gorar tana riƙe ledar ta hana ta zamewa ta daidaita. Ta wofin kuwa, PET ɗin gorar ita ma daga wajen digiri 70 take fara laushi, ledar na matsa ta, ba abin da ya tokare ta daga ciki, dole ta lotsa.

A gora 600 a rana, ruwan zafi ya ishe ki. Samu tukunya mai zurfin da ya fi tsayin gorar, ki riƙe ruwan tsakanin 85 da 90 da ma'auni a ciki kullum, kada ya tafasa, don kumfar tafasa na ture rigar. Gorar ta kasance cike, a rufe gam, busasshiya, ba sanyi ba ɗumi. In da ɗumi a jikinta rigar za ta cafke tun kafin ta sauka inda ake so. Zura rigar ta zarce gindi da milimita 2 zuwa 3. Riƙe gorar ta murfi da safar roba mai kauri, ki tsoma gindin kamar santimita 2, ki dakata daƙiƙa guda. Wannan ne ke sa bakin ƙasa ya lanƙwashe ya kama gindi, rigar ba za ta ƙara hawa sama ba. Sannan ki nutsa sauran a hankali har wuya cikin daƙiƙa 3 zuwa 4, ki tsamo. Kada ruwan ya kai murfi. Jera su a tsaye a gaban fanka su bushe kafin su shiga firij, don ruwan da ya maƙale a ƙarƙashin riga yana barin tabo. Bayan kowace gora ashirin ki duba ma'auni, goruna na sanyaya ruwan, kuma da ya sauka ƙasa da 80 wuya zai fara fitowa a buɗe.

Zoɓo ki bar shi ya huce sarai kafin ɗuri, ki sa riga, sannan firij. Kunun aya ba ya jiran wannan, da ya zauna a waje zai fara tsami. Nasa gorunan ki cika su da ruwa mai tsabta, ki rufe, ki sa musu riga tun da wuri, ki juye ruwan, su bushe, ranar ɗuri sai dai a zuba a kai sanyi kai tsaye.

In kasuwa ta buɗe har kika kai dubbai, sai ki nemi injin tururi mai ɗaki biyu ko uku. Tsarin ɗaya ne: bututun farko ya doki gindi, na tsakiya ciki, na ƙarshe mafi zafi ya doki kafaɗa da wuya. Ki tabbata akwai matarar ruwa a layin tururin, don jiƙaƙƙen tururi na tofa ɗigo a leda ya bar mata zane. Ranar da kuma kika koma gorar HDPE irin ta yogot, ki nemi PETG mai sassaucin matsi. HDPE na kumbura da zafi ta koma in ta huce, sai rigar ta yi mata yawa tana juyawa.

Mai Niƙan Roba ya amsa:

Hajiya, ki yi haƙuri in shigo da abin da ba ki tambaya ba, amma gorarki a hannun masu niƙa take ƙarewa. Ƴan jari-bola su tsinto, a niƙa, a wanke, a sayar wa masu yin zare da sababbin kaya.

Gara da lissafi ya kore miki PVC. A tankin wanki murfi da lebul ɗin PP, roba marar nauyi, suna tasowa a kwashe, PET ta nutse. PVC ma nutsewa take, ta bi PET har injin narkarwa. PET sai wajen digiri 250 take narkewa, ana sarrafa ta a 270 zuwa 280, PVC kuwa tun kafin nan ta ƙone, ta saki asid, ta mayar da kaya rawaya da baƙaƙen ɗigo, ta ci ƙarfen inji. Masu saye da yawa ba sa karɓar abin da ya wuce giram 50 na PVC a tan guda. Da nauyin rigar da Malam Mai Ɗab'i ya lissafa, riga ashirin da ƴan kai sun cika wannan adadin.

Sai dai ban yarda a ce PETG ba ta da laifi don sunanta foliyesta ba. Ita ma tana nutsewa tare da PET. Ana busar da niƙaƙƙen PET a digiri 160 zuwa 180, PETG kuwa tun a 80 ta yi laushi, sai ta zama danƙo ta dunƙule kaya a cikin injin busarwa, tawadarta kuma ta rina abin da ya kamata ya fito fari. Akwai sabuwar foliyesta mai tsukewa da ake kira cPET, wadda ke ƙanƙarewa kamar ta gora, in aka buga ta da tawada mai wankuwa ana iya niƙa su tare. Ki tambayi dillalinki ko zai samo, tare da takardar bayanin kaya daga masana'anta, don a ido ba a bambanta ta da PETG.

In ba ta samu ba, abu guda nake roƙo, kuma kusan ba ya ƙara kuɗi: a yi wa rigar layin huji biyu daga sama har ƙasa, tazarar kamar santimita guda, yadda mai tsinta zai kama ya zare ta da ja ɗaya. Rigar da ba huji sai an bi ta da reza gora bayan gora, shi ya sa masu awo ke karya farashin irin waɗannan gorunan ko su ture su gefe. A gaya wa mai ɗinki ya nisanta hujin daga layin ɗinki, kuma ya yi shi ƙanana. In ramukan suka yi girma, da rigar ta shiga ruwan zafi a kafaɗa za ta fara tsagewa, inda jan ya fi ƙarfi. Ki sa a yi miki samfur ashirin masu huji, ki tsoma su a tukunyarki, kafin a buga sauran.